Famfas ya fi ƙarfinmu, nafkin kuma ina jin kunyarsa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, ɗana na fari watansa huɗu. Maigidana malami ne a wata firamare ta kuɗi, albashin bai taka kara ya karya ba. Famfas ɗin da aka kawo mana na barka ya kai mu wata biyu, tun da ya ƙare ɗaiɗai muke saye a shagon unguwa, naira 150 guda. Yanzu biyu nake sa masa a wuni, ɗaya da safe ɗaya da dare, in fitsari ne kawai wani lokacin sai in shanya in mayar masa. Matsematsinsa duk ya yi ja ya saɓe, in ana yi masa tsarki sai ya yi ta tsala kuka. Hajiyar maigidana ta ce in koma nafkin, wai da shi ta raini nata su tara. Ni kuma gaskiya kunya nake ji. Gidanmu gidan yawa ne, facalolina duk famfas suke sa wa nasu, ranar da na shanya nafkin a tsakar gida an samu abin faɗa. Ga ruwa saye muke yi wajen 'yan garuwa, ga tsoron najasa, an kuma ce mini nafkin yana buɗe wa yaro ƙafa. Sannan akwai maƙwabciyata mai tagwaye, mijinta ya rasu tana da cikinsu, tsumma take sa musu ta ɗaure da leda. A Islamiyyarmu muna tara kuɗi duk wata don masu jego, famfas muke saya musu, amma sati biyu ya ƙare. Anti mene ne mafita?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya mana yaro, Ya ba shi lafiya, Ya buɗa wa babansa.

Maganar facaloli za ta iya jira, fatar yaron ce ba za ta jira ba. Daga yau ki daina shanya famfas kina mayarwa. In kin taɓa farka wanda ya jiƙe za ki ga wani abu kamar ƙanƙara-ƙanƙara mai yauƙi a ciki. Wani gari ne ake zubawa tsakanin audugar, yana shanye ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa ya riƙe. In kin shanya, ruwan ne kaɗai ke tafiya, duk sauran abin da ke cikin fitsarin da ƙwayoyin cutar da suka taru suna nan, kuma su kike mayar wa fatar da ta riga ta ji ciwo. Saɓar nan ba wani abu ke kawo ta ba illa daɗewar laima a jiki. Fata in ta daɗe a jiƙe takan yi laushi, gogayya kaɗan sai ta ɗaye, in kuma fitsari ya haɗu da kashi ya zauna, sai su koma wani abu mai cin fata.

Ki riƙa yi masa tsarki da ruwan ɗumi zalla, ban da sabulu sai lokacin wanka, kuma kar ki goge, ki tsane shi a hankali da tawul mai laushi. Ki shimfiɗa tawul a kan leda ko tabarma ki kwantar da shi haka nan ba komai a jikinsa, ya sha iska, sau da yawa a wuni gwargwadon hali. Iskar nan ita ce rabin maganin. Kafin ki rufe shi ki shafa masa man jarirai mai sinadarin zinc, ana samu a kemis, in babu to basilin marar ƙamshi ko man kaɗanya mai tsabta. Ki ajiye hoda, tana dunƙulewa a cikin matsematsi, ƙurarta kuma ba ta da kyau ga huhun jariri. Ki kuma yi nesa da mayukan nan masu haɗi uku da masu kemis ke miƙo wa kowa wai suna maganin duk wani ƙurji. Yawancinsu akwai wani sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroyid a ciki, fatar jariri kuwa a ƙarƙashin kunzugu shanye shi take yi. In kwana uku suka wuce ba sauƙi, ko kika ga wurin ya yi jajir har cikin lungunan cinya da ƙananan ɗigo-ɗigo a gefe, ko bakinsa ya yi fari-fari ta ciki, wannan ya zama na asibiti, akwai man da ake rubutawa dominsa. In akwai ruwan mugunya, ko ƙuraje masu ɗurar ruwa, ko zazzaɓi, kar ki jira kwana ukun ma.

Hajiya ta yi gaskiya, ki koma nafkin. Amma ba zan ce miki nafkin ya fi famfas kyau ga fata ba, don ba haka ba ne. Famfas mai kyau da ake canzawa a kan kari ya fi riƙe fata a bushe. Abin da fatar jariri ta sani shi ne sau nawa aka cire mata jiƙaƙƙe aka sa busasshe. Yaro kamar naki yana buƙatar canji aƙalla sau shida a wuni, sabon haihuwa kuwa yakan kai takwas zuwa goma ko fiye. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki guda ɗaya ce: wanne ne zan iya cirewa duk lokacin da ya jiƙe ba tare da gabana ya faɗi ba? A gidanki amsar a fili take.

Ɗauki farashin da kika faɗa. Guda shida a naira 150 ya kama naira 900 a rana, naira 27,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma ke ma kin san ba kowace makarantar kuɗi ke biyan hakan ba. In kika lissafa shekara biyu, famfas 4,380 ke nan, naira 657,000 a farashin da kika faɗa, kuɗin da ƙarshensa bola. Famfas haya ne, kullum sai an biya. Nafkin kuwa in kin saya ya zama naki, har ƙanin yaron ya zo ya gada.

Kar ki zauna jiran ranar da zai yi arha. Yawancin abin da ake haɗa famfas da shi daga waje ake shigo da shi da dala, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 aka saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kowa ya ga yadda kaya suka tashi. A watan Disamban 2023 kamfanin Procter & Gamble mai yin Pampers ya ce zai daina sarrafa kaya a Najeriya, sai dai ya riƙa shigo da su. A 2024 kamfanin Kimberly-Clark mai Huggies shi ma ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas, wadda bai daɗe da buɗewa ba. Ba gazawar maigidanki ba ce, abin ne ya fi ƙarfin masu ƙaramin albashi gaba ɗaya.

Nafkin ɗin da na fi yarda da shi shi ne na gargajiyar nan, farin tawul na auduga mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar santimita 60 kowane gefe. Akwai na zamani mai maɓallai da aljihun da ake cusa ƙyalle a ciki, yana da kyan gani kuma ana ƙara masa girma yadda yaro ke girma, sai dai ya fi tsada, ya fi daɗewa bai bushe ba, robarsa kuma tana saki in ana yawan murza shi a wankin hannu. Mai wanki a baho ta fi morar shimfiɗaɗɗe, don buɗe shi ake yi gaba ɗaya, ruwa ya ratsa ko'ina, rana ta bugi ko'ina. In za ki yi wanki kullum, dozin ɗaya da rabi ya isa. Dozin biyu zai ba ki sararin numfashi. Ki haɗa da wandon roba huɗu ko biyar, fil mai kulle, da bokiti mai murfi wanda ba za a yi wani aikin da shi ba. In kuɗin ba su kai a sayi duka lokaci ɗaya ba, ki duba cikin akwatinki. Tsohon zanen atamfa na auduga da ya sha wanki ya yi laushi, tsohon tawul, tsofaffin singiletin maigida, duk suna yi. A yanka, a kai wa tela ya bi bakin don kar ya zare. Abin da ba ya yi shi ne yadi mai santsi na roba, fitsari bi ta kansa yake ya wuce. Sabon nafkin kuma ki wanke shi sau biyu ko uku kafin ki fara sawa, sai ya sha ruwa yake fara tsotsa sosai.

Wajen ɗaurawa, ki kama kusurwa ɗaya ki kai ta kan wadda ke fuskantarta, ya zama mai kusurwa uku. Ki kwantar da yaro dogon gefen yana daidai ƙugunsa ta baya. Da yake namiji ne, ki ninke wani ƙaramin ƙyalle ki sa ta gaba, nan ne ya fi jiƙawa. Ki ɗago kusurwar ƙasa ta tsakanin cinyoyinsa, ki jawo na dama da na hagu su haɗu a kanta, ki cusa yatsunki biyu tsakanin nafkin da cikinsa, sannan ki soka fil ɗin a kwance, yadda in zai soki wani abu yatsanki zai soka. Ki sa wando a kai, ki bi da yatsa ki tura duk inda nafkin ya leƙo, don ta nan yake ɗiga. In fil ɗin na ba ki tsoro, ninke nafkin gida uku a tsaye ki shimfiɗa a cikin wandon, shi ke nan. Wandon ya kama amma kar ya bar shaida a cinya. Ai ga Hajiya ma a gida. Ki kai mata yaron da nafkin ki ce ta nuna miki yadda take yi, hannun da ya ɗaura wa yara tara ya fi bayanina, ita kuma za ta ji daɗin an tambaye ta.

Wanki shi ne inda masu komawa nafkin ke karaya, don haka zan ɗan daɗe a nan. Da zarar kin cire mai kashi, ki nufi masai da shi da buta a hannu, ki kakkaɓe, ki zuba ruwa ki wanke kashin ya faɗa can. In nono zalla yake sha kashinsa ba ya gardama, ruwa kawai ke tafiya da shi. Sai ya fara cin abinci bayan wata shida ne abin ke canzawa, a lokacin sai ki riƙa shimfiɗa ɗan siririn ƙyalle a saman nafkin ya tare. Wanda kika ɗauraye da mai fitsari duk ki matse ki jefa a bokiti ki rufe. Ba sai kin cika bokitin da ruwa ba. In ma za ki jiƙa, ki ɗora shi inda yara ba sa kaiwa, domin yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya yakan leƙa bokiti ya kifa da ka, ruwa kaɗan ya ishe shi halaka, kuma gidanku gidan yara ne. Sannan ki wanke hannunki da sabulu kowane lokaci, kafin ki taɓa nono ko abinci.

Da safe ki fara ɗauraye su da ruwan sanyi, ki zubar a masai. Sai ki wanke da ruwan zafi da sabulun wanki ko omo daidai misali, ki ɗauraye har kumfa ta ɗauke gaba ɗaya. Ɗaurayar nan ce mata ke yi wa rowa saboda tsadar ruwa, alhali sabulun da ya maƙale a nafkin shi kansa yana saɓe fata, yana kuma sa shi ya yi tauri ya riƙa tashi da zarni. Gara ki rage sabulu da ki rage ɗauraya. Ki ƙiyasta jarka guda a rana don wannan aikin, ruwan ɗaurayar ƙarshe kuma kar ki zubar, ki wanke banɗaki da shi. Ba kya buƙatar Dettol ko turaren wanki. Bilic kuma ba na kullum ba ne, sai in yaro ya yi gudawa ko kin karɓi nafkin daga wani gida, shi ma kaɗan a ruwa mai yawa, a kan nafkin da aka riga aka wanke. Kar ki zuba shi kan wanda ke jiƙe da fitsari, kar ki haɗa shi da wani sinadarin wanki, yana ta da hayaƙi mai cutar da ƙirji. In kina da gawayi ko itace, tafasa nafkin na minti goma ya wadatar, amma ban da wandon roba.

Ki shanya a kan igiya, a tsakiyar rana, a buɗe. Rana tana cinye ɗan rawayan tabon da kashin nono ke bari, kuma a bazarar Kano kafin azahar sun bushe ƙayau. Kar ki shanya a ƙasa ko a kan ciyawa ko a inuwa. Akwai wani ƙuda da ke son tufafi mai laima, musamman mai warin fitsari, ya yi ƙwai a jiki, in an sa wa yaro tsutsar ta huda fata ta zauna, sai a ga abu kamar maruru mai ɗan baki a tsakiya. Guga mai zafi tana kashe ƙwan. Da damina, ko duk ranar da shanyar ba ta ga rana sosai ba, ki bi su da dutsen guga ciki da waje, ko na gawayi ne. A watan Agusta za ki gode wa dozin na biyun nan.

Game da najasa, malaman Malikiyya sun ɗauki fitsarin jariri najasa, namiji ko mace, amma sun yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinta matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, sun kuma so ta ware tufafin salla daban. To ki ware zane da hijabi guda ki rataye, ki keɓe baho ɗaya na nafkin, ɗaurayar ƙarshe kuma ta zama da ruwa mai tsarki zalla bayan najasar ta fita. Ki kai tambayar wajen malamarku ta Islamiyya ta warware muku a gaban kowa, don na san ba ke kaɗai ke da ita ba. Iyayenmu da suka yi raino kafin famfas ya shigo kasuwa ba su bar salla ba.

Maganar buɗe ƙafa ki jefar da ita. Jarirai da ɗan lanƙwasar ƙafa ake haihuwarsu, tana miƙewa da kanta in sun fara tafiya. Zaman cinyoyi a buɗe ma shi likitocin ƙashi suka fi so ga ƙugun jariri, irin zaman da yake yi in kin goya shi.

Yanzu abin da masu yabon nafkin ba sa son faɗa. Kuɗin da za a tsira da shi ba daga sama yake faɗowa ba, daga hannunki da bayanki yake fitowa. Ke za ki durƙusa gaban baho kowace safiya, ga girki, ga shayarwa, ga rashin barci. Saboda haka ba shawara ce da za ki yanke ke kaɗai ki shanye wahalarta a ɓoye ba. Ki samu maigida lokacin da ya ci ya huta, ki nuna masa jikin yaron da idonsa, sannan ki ɗauko takarda. Famfas biyun da yake saye yanzu naira 9,000 ne a wata, kuma ga abin da suka haifar. Ki ce masa ba ƙari kike nema ba, so kike a juya kuɗin: rabi ya tafi ga famfas ɗaya na dare, sauran ga sabulu da jarkar ruwa, in bai isa ba ya cika. Kuɗin sayen nafkin na farko ki riga ki tambayo farashi a kasuwa ki rubuta, ko ya bayar kashi biyu, ko ki ɗauka a adashinki ya riƙa mayar miki. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a kan uban yaro gwargwadon hali, ta kuma ce ba a ɗora wa rai sai abin da zai iya. Duka ɓangarorin biyu naku ne. Ba za ki matsa masa ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa ba, shi ma ba zai bar ki da nafkin babu ruwa babu sabulu ba. In ranar Asabar yana gida, ba abin da zai rage masa in ya riƙe yaron kina wanki, ko ya ɗauko miki ruwan.

Kin ga na bar miki famfas na dare. Ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a saki ɗaya. Dare, zuwa asibiti, biki, doguwar tafiya a mota, ki sa masa famfas hankalinki kwance. Wuni a gida nafkin ne. Ki kuma farfaɗo da dabarar iyayenmu ta ɗora yaro a ƙafa. Jarirai da yawa suna da lokacinsu, bayan sun farka ko bayan sun sha nono. Ki zauna ki miƙe ƙafafu, ki zaunar da shi a tsakaninsu kina tallafe da shi, da ɗan kwano ko fo a ƙasa. Ba horo ba ne, ba a yi wa jariri faɗa in bai yi ba. Amma duk kashin da ya faɗa a fo, nafkin ɗaya ne kika huta wankewa, in ya iya zama da kansa kuma fo ba zai zame masa baƙo ba.

Facalolinki kuwa, za su yi magana sati ɗaya, wataƙila biyu. Kar ki ɓoye shanyar a ɗaki saboda su, nafkin da bai ga rana ba shi ke wari, warin kuma shi zai ba su abin faɗa na gaske. Ki shanya fari tas a jere. In an tanka ki ce fatarsa ce ba ta son daɗewa a famfas, gaskiya kika faɗa, ba sai kin buɗe aljihun mijinki ba. Ni dai ban yarda duk mai sa wa ɗanta famfas a gidan nan tana canzawa sau shida ba. Wata a cikinsu irin lissafinki take yi da dare, ta rasa wa za ta faɗa wa.

A ganina ma abin kunya yana bayan gida, a bola da kwata. Ki leƙa magudanar ruwan unguwa da farkon damina, za ki gan su sun kumbura sun toshe hanya, kaji da awaki sun yayyaga, ƙuda na tashi daga kai ya sauka a abincin yara. Kashin jariri yana ɗauke da cutar gudawa kamar na babba. Ko mai amfani da famfas ya kamata ta kakkaɓe kashin a masai ta ɗaure shi a leda kafin ta zubar, kar kuma ta jefa shi kansa a shadda, ba ya ruɓewa, cika ta yake yi.

Sai batun Islamiyyarku. Allah Ya saka muku, ba kowace ƙungiya ke tuna wannan ɓangaren na jego ba. Ba a nan kaɗai ake fama ba. A Amurka tallafin abinci na gwamnati ba ya sayen kunzugun jarirai, shi ya sa ƙungiyoyin sa kai suka kafa rumbunan raba shi, har suka haɗu suka yi gamayya ta ƙasa a 2011. A Ingila wasu ƙananan hukumomin Landan suna ba iyaye takardar rangwame su sayi na wankewa, akwai kuma wuraren da ake ba da aronsa, uwa ta gwada ta dawo da shi. Wannan na aron shi nake so ku duba.

Kuɗin da kuke sayen famfas da shi ku tara na wata biyu ko uku, ku tura mutum biyu masu iya ciniki Kantin Kwari su sayo yadin tawul na auduga a sari. A cikinku ba za a rasa mai keken ɗinki ba, ku biya ta ladanta ta yanka ta bi baki, kun ga ita ma ta samu. Kowace mai jego a haɗa mata nafkin, wanduna, fil, bokiti mai murfi, igiya da sabulu. In yaronta ya bar nafkin ta dawo da masu sauran kyau, a tafasa, a shanya, a goge, su tafi gida na gaba. Wando da fil ne kawai za a riƙa sabuntawa. Ku samu littafi ku riƙa rubuta abin da ya fita da abin da ya dawo, amma kar a bi matar da nata ya yage da maganar biya.

Kuskuren da ake yi shi ne a miƙa kaya a juya baya. Matar da ba ta da kuɗin famfas sau da yawa ba ta da na sabulu da ruwa ma, in kun ba ta nafkin kaɗai kun ƙara mata aiki ne. Ku ware wani abu na sabulu duk wata, ku yi magana da mai garuwar layinsu ku biya shi kai tsaye ya riƙa sauke mata jarka. Wata dattijuwa ta je ta nuna ɗauri da wanki, ta koma bayan sati ta ga yadda ake ciki. Ku kuma tambayi mace kafin ku yanke mata. Wadda aka yi wa tiyata ba ta da mai taya ta, wadda ke jinyar yaro a asibiti, wadda ke zaune inda ruwan sha ma da ƙyar ake samu kamar sansanin 'yan gudun hijira, waɗannan famfas ɗin ne taimakonsu a wannan lokacin, kar son nafkin ya rufe muku ido. Kuma in masu hali a cikinku ba sa taɓa shi, sai dai su raba wa wasu, nan da nan zai samu sunan kayan talaka, mata su karɓa don kunya su cusa a ƙarƙashin gado. Ke da za ki fara a kan ɗanki, bakinki zai fi na kowa tasiri a wurin.

Ku fara da mai tagwayen, kuma kar ku jira taron wata. Ki shiga wajenta yau ki ce ta cire ledar nan, tana riƙe zafi da laima, iska ba ta shiga ko kaɗan, in ta kwance kuma jariri na iya jawo ta fuskarsa. Tsumman auduga mai tsabta ba laifi ba ne, wandon da za a sa a kai ne babu. Wanduna shida da bokiti da sandar sabulu biyu ba za su gagari mata biyar ba kafin Juma'a. Yara biyu nafkin dozin uku suke so aƙalla, kuma wankinsu ya fi ƙarfin mace ɗaya mai shayar da biyu, don haka a cikin maƙwabta a samu masu karɓar wankin ko da kwana biyu a sati. Ki duba matsematsin yaran tun da kin je. In kin ga irin alamun da na lissafa miki a sama, ki raka ta asibiti.